Ɓawon Lemun da Bai Tsinke Ba

Litinin, 4:10 na yamma

Tir! Sau huɗu na wanke hannuna da sabulu, har yanzu warin yana nan.

Wata biyar ke nan muna koyon aikin leƙen asiri a gidan nan. Mu arba'in muka shigo, 'yan mata zalla, yanzu saura goma sha biyu. An koya mana bin mutum cikin kasuwa ba tare da ya waiwayo ba, an koya mana haddace lambar mota da kallo ɗaya. Ni a zatona jarrabawar ƙarshe wani abin burgewa ce. Ashe bola ce!

Da safe Anti Safa ta kai mu rumfar bayan kicin. Muna ce mata haka ne don ba wanda ya taɓa ganin hannunta ba safa. Tebur goma sha biyu na ƙarfe, kowanne da baƙar leda a ɗaure, ƙudaje sai biki suke yi. Ta ce kowacce an ba ta sharar wani gida na gaske. Za a riƙa kawowa Litinin da Alhamis har mako uku, mu zazzage, mu tsince da hantsaki, mu rubuta su waye a gidan da halin da suke ciki. Ta ce mutum yana yi wa likitansa ƙarya, amma ba ya yi wa kwandon shararsa.

Doka ɗaya ce. Abin da kika gani a jakarki, daga ke sai ita. Kika faɗa wa wata, ko da wasa, ki haɗa kayanki. Ƙofa a buɗe take ga mai son tafiya, amma ba a dawowa.

Tawa jaka ta tara ce. Kan kifi, shinkafar da ta yi yauƙi, tsutsa fara fat. Na yi amai a takunkumina, Anti Safa ko kallona ba ta yi ba.

A ɗakin guga nake rubutun nan, littafin kuma bayan kabad yake kwana. An hana, na sani. Amma in ban faɗa wa takarda ba zan faɗa wa mutum, kuma ba zan bari maganar Kawu ta tabbata ba. Ranar da zan taho, a gaban Mama da kowa ya ce, "Wannan? Bakinta kwando ne. Mako biyu za su koro ta." Sai ka gani, Kawu.

Alhamis, 4:05 na yamma

Jaka ta biyu. Wannan karon na riƙe cikina.

Mutum uku ne a gidan, ina jin dattijo ɗaya da mata biyu. Dattijon yana aske gemu da reza mai arha. Akwai 'yan batura ƙanana kamar maɓallin riga, na ƙirga ashirin da ɗaya, ban gane na mene ne ba tukuna. Sai ɓawon lemu. Wani a gidan yana feraye lemu tun daga sama har ƙasa a zagaye ɗaya, bai tsinke ba, kamar igiya. Guda uku na samu haka. Cikin duk ƙazantar nan shi kaɗai ne abin da ban ji ƙyamar taɓawa ba.

Anti Safa ta karanta rahotona ta ce, "Ba laifi." A bakinta wannan guɗa ce.

Juma'a, 1:30 na rana

Sanyi ta ba ni dariya yau. Sanyi ita ce abokiyar ɗakina, sunan kuma ni na laƙaba mata, don ko gobara ta tashi sai ta gama ninke bargonta. Ita kuma Uwar Tsiwa take ce min.

An hana mu zancen gida, ba waya, ba wasiƙa. Amma ni tun makon farko na saki mata cewa na baro Yayata da ciki, kuma cikinta na baya bai zo da sauƙi ba. Watan nan ne watanta. Kullum abin yana raina.

Muna jera takalma sai Sanyi ta ce, "Uwar Tsiwa, na yi mafarki Yayarki ta sauka lafiya. Mace."

Na ce, "To malamar duba, nawa ne kuɗin aiki?"

Ta ce, "Ke dai ki ci abinci yau, ki daina tsakura."

Na yi mata tsaki. Amma fa na cinye abincin tas.

Asabar, 11:00 na safe

Takardar ɗaki. Duk Asabar kowacce sai ta rubuta abin da ta ji abokiyar ɗakinta ta faɗa a mako. Aikin munafurci ne tsagwaronsa, kuma in kika miƙa fara a ce ba kya lura. Sanyi ba ta faɗin komai, me zan rubuta? Na sa cewa tana minshari, ta ce miyar Laraba kamar ruwan wanki, kuma ta yi mafarki Yayata ta haifi mace. Layi uku, na huta.

Lahadi, 3:20 na yamma

An raba mana lemu bayan abinci, wata guda rabonmu da shi.

Ina ta yaƙi da nawa da farce. Sanyi ta ɗauki wuƙar tebur ta fara daga sama, tana juyawa a hankali. Ɓawon yana sauka, yana sauka, har ya taɓo cinyarta. Bai tsinke ba.

Na ce, "Wa ya koya miki?"

Ta waiga, ta rage murya. "Babana. Agogo yake gyarawa. Ya ce ranar da ɓawo ya tsinke masa, ranar zai rufe shago, don hannu ya tafi ke nan." Sai ta rufe baki tana dariya. "Kin ga kin sa ni ma na zama kwando."

Baturan agogo ne, guda ashirin da ɗayan nan.

Na ba ta lemuna na ce cikina ne.

Litinin, 4:30 na yamma

Ba shi kaɗai ne mai gyaran agogo a duniya ba. Haka nake ta faɗa wa kaina tun daga ɗaki har rumfa.

Jaka ta uku. Batir huɗu kacal. Fankon magani iri uku, ɗaya na kashe ciwo ne mai ƙarfi, mun yi shi a darasin magunguna. Ɓawon lemu ɗaya, ya tsinke wuri biyu.

Na haɗa guntayen a kan tebur kamar wawuya, wai ko ƙila a cikin leda ya karye. Ba a leda ba ne. Wuƙar ce ta goce, ana ganin inda ta ci naman lemun.

Teburin Sanyi yana can ƙarshen rumfa. Tana tsintar tata jakar hankali kwance.

Talata, 10:15 na safe

Na tsaya bayan darasi.

Na ce, "Anti, ina son a canza min jaka."

"Dalili?"

"Ina jin na san gidan."

Ta ci gaba da jera hantsaki a tire. Ta ce, "Kina ji, ko kin sani?"

Na tsaya kallon hantsakan.

Ta ce, "In kin sani, ki rubuta a rahoto, maki ne. Jaka jaka ce. Ranar da aka tura ki aiki, kina tsammanin baƙi kaɗai za ki riƙa gani a ciki?" Sai ta ɗago ta ƙare min kallo. "An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Taki fuskar surutu gare ta. Gyara ta kafin ki koma ɗaki."

Ashe da gangan ne. Allah wadaran naka ya lalace! Su zauna a ofis da fanka su shirya wannan, su sha shayi, su tafi gida.

Na shiga bayi na gyara fuskar a madubi. Abin haushin, ta gyaru.

Alhamis, 4:00 na yamma

Ledar ƙarin ruwa biyu. Sirinji. Auduga, ba zan rubuta launinta ba. Ba reza ko ɗaya, ya daina aski. Lemun yanzu yanka shi ake yi gida huɗu a matse, wani ne ke yi masa.

Rahotona shafi biyu da rabi. Na lissafa tun yaushe ya kwanta, na ce a gida ake jinyarsa, na ce matan biyu sun daina girki sai saye. Na sa sana'arsa, na sa cewa yana da 'ya da ba ta gida. Rubutuna ko rawa bai yi ba.

Anti Safa ta ce, "Da kyau." Kuma wallahi na ji daɗi. Kafin na tuna, sai da na ji daɗi. Wannan ya fi tsutsar ba ni ƙyama.

Asabar, 11:00 na safe

Takardar ɗaki. Na rubuta tana minshari. Ban sa zancen babanta ba. Ko wannan ma alheri ne, oho.

Lahadi, 3:00 na yamma

Lemu kuma. Sai ka ce da gayya, kuma na san da gayyar ne.

Sanyi ta ɗauki wuƙa. Na ce, "Don Allah fita da shi waje, warinsa amai yake sa ni."

Ta ce, "Yaushe kuma? Ke da kike lasar ɓawo?"

"Tun yau."

Ta fita da shi ba musu. Da ta dawo ta nuna min agogon hannunta, ya tsaya tun jiya. Na ce ta kai wa mai gadi, yana da batir. Ta ce a'a, saura kwana takwas mu fita, babanta zai buɗe shi ya yi mata faɗa cewa ta bar ruwa ya shiga. Ta ce ta yi kewar faɗan.

Ga lissafin da nake yi, kuma na iya lissafi. In na faɗa mata, yau za ta fita ƙofar nan, ko takalmi ba za ta tsaya sawa ba. Wata biyar ɗinta sun tafi a banza. Ni kuma a kore ni, in koma in tarar da Kawu a kujerarsa yana kaɗa ƙafa. In na yi shiru, kwana takwas ne. Mutane suna shekara a kwance su tashi. Don ita nake yi.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. Mtsw. Don ita, wai.

Litinin, 4:20 na yamma

Ba batir. Ba lemu kwata-kwata. Famfas na manya. Robar ruwa da yawa, an fara zuwa dubiya.

Da rana muna wanki a famfo, ni da ita kaɗai, ruwa yana zuba da ƙarfi, ba mai jin mu. An koya mana cewa wurin famfo ya fi ko'ina sirri. Na ce, "Sanyi."

Ta ce, "Na'am?"

Ta tsaya da rigar filona a hannu, koriyar nan mai zanen kifi da Mama ta ɗinka min, ita ke taya ni matsewa kullum. Tana kallona tana jira.

Na ce, "Miƙo min sabulu."

Ta miƙo. Ta ce, "Kwanan nan kin yi shiru, Uwar Tsiwa. Kar ki damu da Yayarki, na ce miki lafiya take."

Na ce mafarki ai ba labari ba ne. Ta ce haka ne.

Laraba, 6:40 na safe

Gobe in na ga jakar, sai in yanke shawara. Gobe.

Alhamis, 5:15 na yamma

Jaka ta ƙarshe ta fi kowacce girma, sai da mutum biyu suka ɗora ta a tebur.

Kofunan roba, na daina ƙirga a ɗari da goma. Ganyen shayi tuli. Jama'a sun cika gidan kwana biyu ko uku.

A ƙasa can akwai wata ƙaramar leda da aka ƙulle daban. Buroshin haƙori, bai ko tsufa ba. Silifas ɗin bayi, na namiji. Da magungunan, duka iri ukun, ba a ƙarasa su ba. Katin mai ƙarfin nan saura ƙwaya shida a jiki.

Dalili biyu ne ke sa a zubar da maganin da ba a ƙarasa ba. Wanda ya warke ba ya zubar da buroshinsa.

Na rubuta rana, na ce tsakanin Litinin da yamma da Talata da safe. Litinin da rana ni ina neman sabulu.

Ban yi amai ba. Na so in yi, na tsaya a bayi na sa yatsa, ba abin da ya fito.

Juma'a, 12:50 na rana

Anti Safa ta ɗaga rahotona a gaban aji, ba ta karanta ba, ta ce a shekara shida ba ta ga irinsa ba. Aka tafa. Sanyi ta fi kowa tafi, har da dukan bayana.

Asabar

Tana ninke bargo tana waƙa. Jibi, in ji ta.

Lahadi, 2:00 na rana

Yanzu ko na faɗa me zai gyara? Shi ke nan abin da nake ta maimaitawa. Da can na ce ya yi wuri, yanzu na ce ya makara. Ban san ranar da ta dace ba, sai dai na san ta wuce ta gabana ina kallo.

Na yi guga har rigunan da ba nawa ba.

Litinin, 3:45 na yamma

An kira mu ofis ɗaya bayan ɗaya. Na ci, ni ce ta ɗaya. Aka ba ni kati mai hotona, aka ce gobe zan iya kiran gida.

Sanyi ta daɗe a ciki. Da na koma ɗaki na tarar da akwatinta a buɗe a kan gado, tana jera kaya ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Idonta ya yi ja amma ba ta kuka.

Ta ce, "Sun faɗa min. Yau kwana bakwai."

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

"Amin." Ta ninke zani. "Sun ce jakar gidanmu a hannunki take. Wai in sani, don in koyi yadda ake riƙe fuska."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ranar da kika ce lemu na sa ki amai. Tun ranar?"

"Tun kafin ranar."

Ta gyaɗa kai. Da ta mare ni da na samu sauƙi. Na fara cewa don kar ta rasa wurinta ne, wata biyar, saura kwana kaɗan. Ta ɗaga hannu.

"Ai ban ci ba, Uwar Tsiwa. Tun makon farko na jarrabawar nan na faɗi, sun bar ni ne kawai in ƙarasa."

Na ce ta yaya, ita da ba ta taɓa kuskure ba?

Ta nuna filona da haɓa. "Mamanki tela ce. Ƙyallen wannan kifin na gani a jakata ranar farko. Ranar Alhamis sai ga famfas na jarirai, mafi ƙanƙanta, da kwalin 'yan kunne. Ke kuma kina nan kina tsakurar abinci kina ramewa." Ta rufe akwatin. "Ni ban iya mafarki ba, barcina kamar gawa. Na zaci na ɓoye shi da kyau. Ban san ta ina suka ji ba."

Ni na sani. Layi na uku a takardar ɗaki, bayan minshari da miyar Laraba.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Ta tsaya a ƙofa da akwati tana jira, kamar ranar famfo.

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ta ce amin. Ta cire agogon ta duba shi, ta mayar hannunta, ta tafi.

Talata, 9:30 na safe

Minti biyar aka ba ni a waya.

Mama ta yi ta murna. Yaya ta sauka lafiya mako uku da suka wuce, mace, wai hancina ta ɗauko. Na ce masha Allah. Mama ta ce, "Ke ba ki yi mamaki ba?" Na ce na yi.

Sai ta ce ga Kawu, tun safe yake zaune yana jira.

Ya ce, "'Yar nan, an ce ke ce ta ɗaya? Kai! Na janye maganata, a gaban uwarki na janye. Ashe bakin nan yana rufuwa."

Na ce, "Yana rufuwa, Kawu."

Ya yi ta dariya, yana faɗa wa na kusa da shi. Na riƙe wayar har minti biyar ɗin suka cika.

An kawo sabuwar yarinya gadon Sanyi. Ta tambaye ni ko wurin nan da daɗi. Na ce mata ba laifi, fuskata kuma ba ta ce komai ba.